Falasɗinu da Isra'ila: Ana Rabon Ƙasa, Ana Kafa Tubali

A watan Oktoban 2025 aka tsagaita wuta a Zirin Gaza bayan shekara biyu ana ruwan bama-bamai. Hamas ta saki Isra'ilawan da suka rage da rai a hannunta, Isra'ila kuma ta sallami Falasɗinawa kusan 2,000 daga gidajen yarinta. Yaƙin ya taso ne daga harin 7 ga Oktoban 2023, lokacin da mayaƙan Hamas suka kashe mutum kimanin 1,200, akasarinsu fararen hula, suka yi awon gaba da wasu kimanin 250. Ramuwar gayyar Isra'ila ta hallaka fiye da mutum 60,000 bisa lissafin ma'aikatar lafiya ta Gaza, ta mai da unguwanni kufai, ta jefa jama'a cikin yunwa. Duk mai tausayi ya yi hamdala da aka sarara. Sai dai sararawar bindiga daban, sulhu daban, kuma tushen rigimar yana nan inda yake.

Abin mamaki, kamannin sulhun ba ɓoyayye ba ne. An sha zana shi a takarda. A yaƙin 1948 Isra'ila ta riƙe kusan kashi 78 cikin ɗari na ƙasar, Falasɗinawa kimanin 700,000 suka gudu ko aka kore su daga garuruwansu. A 1967 ta mamaye abin da ya saura: Gaɓar Yamma da Kogin Jordan, Gabashin Birnin Ƙudus da Gaza. A 1988 ƙungiyar PLO ta Yasser Arafat ta haɗiye magani mai ɗaci, ta yarda ta kafa ƙasarta a kan kashi 22 ɗin nan kawai. Tun daga lokacin, duk wani zama na gaske a kan turba ɗaya ya bi, daga shawarwarin Shugaba Bill Clinton na ƙarshen shekarar 2000 zuwa tattaunawar Firayim Ministan Isra'ila Ehud Olmert da shugaban Falasɗinawa Mahmud Abbas a 2008. Iyaka ta bi layin 1967 tare da musayar 'yan filaye. Unguwannin Larabawa na Ƙudus su koma Falasɗinu, na Yahudawa su zauna a Isra'ila. A biya 'yan gudun hijira diyya, a sama musu mafita, a kuma ba Isra'ila tabbacin tsaro. A 2002 ƙasashen Larabawa baki ɗaya, a taronsu na Beirut, suka amince da tayin Yarima Abdullahi na Saudiyya: Isra'ila ta janye daga yankunan da ta mamaye, su kuma su ƙulla cikakkiyar hulɗa da ita.

To, in hanya a fili take haka, me ya hana a bi ta?

A ganina babban ramin yana cikin yarjejeniyar Oslo kanta, wadda Arafat da Firayim Ministan Isra'ila Yitzhak Rabin suka yi musafaha a kanta a Fadar White House a 1993. Yarjejeniyar ta ɗage manyan batutuwa, wato Ƙudus, iyaka, 'yan gudun hijira da matsugunan Yahudawa, ta ce a warware su cikin wa'adin shekara biyar. Amma ba ta fito ƙarara ta hana gini a ƙasar da ake shirin rabawa ba. Kamar 'yan'uwa biyu ne suka zauna rabon gonar gado, ɗaya na jiran hukuncin alƙali, ɗayan kuma kullum safiya ya kawo tubali ya ƙara ɗaki a tsakiyar gonar. A 1993 'yan kama wuri zauna a Gaɓar Yamma sun ɗan haura 100,000. Yau sun kai rabin miliyan, ban da fiye da 200,000 da ke Gabashin Ƙudus. An yi wannan gini a ƙarƙashin gwamnatocin masu tsattsauran ra'ayi da na masu sassauci duka.

A 1995 aka kasa Gaɓar Yamma kashi uku. Manyan birane irin su Ramallah da Nablus aka danƙa wa Hukumar Falasɗinawa, ƙauyuka da dama aka ce a yi haɗin gwiwa wajen tsaronsu, sauran kuma, kusan kashi 60 cikin ɗari, wanda ya haɗa da kwarin Jordan mai albarkar noma, ya zauna kacokan a hannun sojan Isra'ila. An ce na wucin gadi ne. Shekara talatin ke nan. A wannan yanki da wuya Bafalasɗine ya sami takardar izinin gini, in kuwa ya gina ba izini sai ya wayi gari da katafila a ƙofar gidansa. Maƙwabcinsa ɗan kama wuri zauna, a tsauni ɗaya, kotun farar hula ce ke masa shari'a, shi kuwa kotun soja. Manomi na iya hango zaitunansa daga nesa ya kasa isa gare su lokacin girbi, saboda shinge ko saboda farmakin matasan matsugunai. Wanda ya tashi cikin wannan hali, in ka yi masa maganar shirin zaman lafiya, ganinka zai yi kamar mai ba'a.

Akwai kuma abin da yawancinmu ba mu son ji, amma faɗakarwa ba ta cika sai da shi. Tsoron Isra'ilawa ba na ƙarya ba ne. Al'umma ce da aka kashe mata mutum miliyan shida a Turai a zamanin Hitler. Da yawa daga cikin Yahudawan Isra'ila iyayensu daga Iraƙi, Yaman da Maroko suka taso, babu wani gida a Turai da za a ce su koma. Sun ga bama-bamai na tashi cikin motocin safa a shekarun da ake zaman sulhu. A 2005 an kwashe 'yan kama wuri zauna kimanin 8,000 daga Gaza, abin da ya biyo baya a idonsu shi ne rokoki, sannan 7 ga Oktoba. Falasɗinawa za su amsa cewa janyewar ba ta kawo 'yanci ba, tun da an toshe Gaza ta sama, ta ƙasa da ta teku, kuma gaskiya suka faɗa. Duk da haka, sulhun da bai kwantar wa uwa a Tel Aviv hankali ba, 'ya'yanta ba za su jefa masa ƙuri'a ba.

Masu ƙin sulhu a ɓangarorin biyu sun daɗe suna yi wa juna aiki. A 1994 Baruch Goldstein ya bindige masallata 29 a Masallacin Annabi Ibrahim da ke Al-Khalil. Hamas ta mai da martani da hare-haren ƙunar baƙin wake. A Nuwamban 1995 wani Bayahude, Yigal Amir, ya harbe Rabin, bayan 'yan watanni Benjamin Netanyahu ya hau mulki.

Gidan Falasɗinawa ma a rabe yake. An zaɓi Abbas a 2005 don wa'adin shekara huɗu, har yau ba a sake zaɓen shugaban ƙasa ba. Hamas ta ci zaɓen majalisa a 2006, ta ƙwace Gaza a 2007. Mutumin da ake ganin zai iya haɗa kan ɓangarorin, Marwan Barghouti na ƙungiyar Fatah, yana tsare tun 2002, kuma Isra'ila ta ƙi saka shi cikin waɗanda ta saki a musayar fursunonin Oktoban 2025.

Tarihi ya nuna cewa mai ƙarfi yana sakin abin da ya riƙe ne idan riƙon ya yi masa tsada. A 1957 Shugaba Eisenhower ya matsa wa Isra'ila ta fice daga Sinai. Bayan yaƙin 1973 da yarjejeniyar 1979 da Masar, Isra'ila da hannunta ta rushe matsugunin Yamit da ke Sinai a 1982. A 1991 Bush babba ya jinkirta lamunin bashin dala biliyan goma saboda batun matsugunai. Yau Amurka na ba Isra'ila tallafin soja na dala biliyan 3.8 duk shekara, tana kuma hawa kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya don kare ta. A Yulin 2024 Kotun Duniya ta bayyana cewa mamayar ta saɓa wa doka, kuma wajibi ne a kawo ƙarshenta. A Satumban 2025 Birtaniya, Faransa, Kanada da Ostireliya suka amince da ƙasar Falasɗinu, abin da Nijeriya ta yi tun 1988. Waɗannan matakai suna da nauyi, amma har yanzu ba su tsai da katafila ko ɗaya ba.

Wasu sun yanke ƙauna da rabon, suna cewa a yi ƙasa ɗaya mai 'yanci daidai ga kowa. Tsakanin Kogin Jordan da Bahar Rum akwai Yahudawa kimanin miliyan bakwai da Falasɗinawa kusan adadin haka, kuma mafi yawan Isra'ilawa ba za su yarda da tsarin da zai iya mai da su 'yan tsiraru ba. A 2024 majalisar dokokin Isra'ila ta kaɗa ƙuri'ar ƙin kafa ƙasar Falasɗinu. A Agustan 2025 kuma gwamnati ta ba da izinin gina gidaje kimanin 3,400 a filin da ake kira E1, tsakanin Ƙudus da matsugunin Ma'ale Adumim, wurin da shugabannin Amurka suka yi shekaru suna hanawa a taɓa, don gini a can zai datse arewacin Gaɓar Yamma daga kudancinta, ya kuma raba ta da Gabashin Ƙudus. Ministan kuɗi Bezalel Smotrich bai ɓoye manufarsa ba, ya ce an yi ne don a binne batun ƙasar Falasɗinu.