Kafin A Aika Wa Tsoho Na'urar Awon Suga

Daga Wakilinmu Na Arewa, Jalingo

'Yan Arewa mazauna Ikko da Badun sun saba aika wa iyaye kuɗi da tufafi. Yanzu kuwa tsarabar ta haɗa har da na'urorin da ake ɗaurawa a jiki domin lura da ciwon suga. Niyyar ta alheri ce, amma akwai abin dubawa.

Na farko shi ne ingancin kayan. A watan Fabrairu na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da kowane agogo ko zobe da aka ce yana auna suga ba tare da huda fata ba. Idan agogo ya yi ƙarya ya nuna suga ya hau, mai ciwo zai iya ƙara allurar insulin, sugansa ya faɗi warwas, ya suma ko ma ya rasa ransa.

Akwai na'urori na gaskiya, irin su FreeStyle Libre ta kamfanin Abbott. Faɗinta kamar na kwabo ne, ana manna ta a bayan damtse, wani ɗan siririn zare ya shiga ƙarƙashin fata, ta yi kwana 14 tana awo. Watau a wata ɗaya sai an sayi biyu, kuma daga waje ake shigo da ita. Wanda ya fara saya wa mahaifinsa, sa'an nan ya gaza bayan wata uku, ya bar shi cikin zullumi. Dattijo a Jalingo ya fi bukatar magani wanda ba ya yankewa da kuɗin zuwa ganin likita a Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Taraba.

Sai maganar sirri. Ana iya haɗa na'urar da wayar ɗa, yana zaune a Agege yana ganin sugan mahaifinsa. Da zarar tsoho ya sha kunu da sukari, sai waya ta yi ƙara ana yi masa faɗa. Mutumin da ya girme ka, ya rene ka, bai kamata ya zama ɗan tsaro a gidansa ba. Har ila yau bayanan suna bi ta kwamfutocin kamfani. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ke bukatar kariya ta musamman.

Saboda haka kafin a ba direban motar Jalingo saƙon, sai a nemi shawarar likitan da ke duba tsohon. A kuma tambayi shi mai jikin: yana so? Wa ya yarda ya gani? In ya ce a'a, to, a bar shi, a aika kuɗin magani.