Jidda: zauren Makka da ya zama wurin shan iska

Tambayi alhajin da ya taɓa tashi daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III a nan Sakkwato abin da ya sani game da Jidda, zai ba ka labarin rumfunan alhazai masu kama da tantuna, da awon kaya, da dogon jiran jirgin komawa gida. A wurinmu Jidda zaure ce, sallama ake yi a wuce cikin gida. Larabawa kuwa amaryar Bahar Maliya suke ce mata, kuma can mutanen Riyad da na Makka suke zuwa hutu da iyalansu.

In da ƙasa ake dubawa, da ba a kafa gari a wurin ba. Siririn fili ne tsakanin teku da duwatsun Hijaz, kimanin kilomita 70 yamma da Makka, ba kogi, ba damina ta kirki, ga gumi mai naso. Bakin tekun ma cike yake da duwatsun murjani masu farke cikin jirgi. Hukuncin mutum ɗaya ne ya ɗaga ta: a shekara ta 26 bayan hijira Halifa Usman ɗan Affan ya mayar da ita tashar jiragen Makka a madadin Shu'aiba. Tun daga ranar, baƙo mai wucewa ne abincin garin.

Dukiya ta jawo ido. A farkon ƙarni na 16 Sarkin Masar, Ƙansuh al-Gauri, ya sa aka zagaye ta da ganuwa saboda jiragen yaƙin Fotugal, waɗanda suka iso a 1517 suka koma ba su ci ta ba. Da aka buɗe mashigin Suwez a 1869, jiragen tururi suka yawaita, fatake suka yi kuɗi, suka gina benaye da dutsen murjanin nan da ke ba matuƙa tsoro, suka ƙawata su da tagogin katako masu saƙa da ake kira rawashin, iska ta shiga, ido bai shiga ba. A ɗaya daga cikinsu, gidan Nasif, Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan ya karɓi garin a 1925. Wannan tsohuwar unguwa ita ce Balad, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2014.

Kakanninmu ta teku suka san Jidda, ba ta sama ba. Mutum ya bar Sakkwato ko Wurno a ƙafa, ya bi ta Borno da Wadai da Darfur, yana noma yana ƙwadago a hanya, wani shekara uku, wani bakwai, kafin ya kai Sawakin ya tsallaka a jirgin ruwa mai filafilai. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa Sudan, garin da suka kafa ya zama zango a wannan hanya. Da yawa daga waɗanda suka tsallaka ba su dawo ba. Su ne asalin waɗanda ake kira Takari, kuma sun yi dako, sun yi ga-ruwa a garin da ruwan sha ya fi komai tsada.

Ruwan ne ya daɗe yana takure Jidda. A zamanin Turkawa aka kafa injin tace ruwan teku da mutanen gari suka raɗa wa suna kindasa. A 1947 aka jawo ruwa daga Wadi Fatima, a shekarar kuma aka rushe ganuwa. Kuɗin mai suka biyo baya, gari ya miƙe arewa yana bin gaɓa, har yau mazaunansa sun doshi miliyan huɗu. Magajin gari Muhammad Sa'id Farsi, wanda ya riƙe ta a shekarun 1970 da 1980, shi ya juya fuskarta ga teku: titin gaɓa mai tsawon kusan kilomita 30, da wuraren zama, da sassaƙe-sassaƙe a mararraba. A 1985 aka kunna maɓulɓular Sarki Fahad mai cilla ruwan teku sama da mita 250. Can arewa, a mashigin Ubhur, otal-otal da gidajen hutu suka jeru, ana ninƙaya ana yawo a kwalekwale. A 2021 har tseren motoci na Formula 1 aka fara yi a gaɓar.

Sai dai ado ya riga magudana. A Nuwamban 2009, ana shirin hawan Arfa, ruwan sama na 'yan sa'o'i ya gangaro daga duwatsu ya tarar an yi gine-gine a hanyarsa, ya kashe mutum fiye da ɗari. Daga ƙarshen 2021 kuma hukuma ta sa katafila a tsofaffin unguwannin talakawa, irin su Karantina da Gulail da Sabil, da sunan tsabtace gari da kawar da masu laifi. Gaskiya ne unguwannin sun lalace. Amma nan ne Bahaushe yake samun tuwo da masauki, nan 'yan Kano-Jidda suke ɗaure kayansu, nan jikokin masu tafiyar ƙafa suka tashi, wasu ba su da takardar ko'ina. A ganina garin da baƙo ya gina bai kyauta ba da ya share sawun baƙon don ya faɗaɗa wa mai yawon buɗe ido.

Yanzu jiragen alhazanmu da yawa Madina suke sauka kai tsaye, Jidda sai a dawowa. Alhaji, in Allah ya sake kai ka kuma ka sami wuni guda, ka rage zagayen sayen tsaraba ka shiga Balad da la'asar, ka fita ta Bab Makka, wato Ƙofar Makka. Ta nan kakanka ya bi da ƙafa.