Sinawan Kaduna: sun bar masaƙu, an binne su a wata ƙasa

A 1964 wani ɗan kasuwa daga Hong Kong mai suna Cha Chi-ming ya kafa masaƙar United Nigerian Textiles, wadda aka fi sani da UNTL, a Kakuri da ke kudancin kogin Kaduna. Ya tarar da Kaduna Textiles tana aiki tun 1957, amma tasa ce ta bunƙasa har ta yi rassa a Funtuwa da Gusau da Ikorodu, ta ci audugar manoman Arewa, ta ciyar da dubban gidaje. Tare da shi injiniyoyi da manajoji Sinawa suka zo, wasu suka yi shekaru masu yawa a garin. Cha ya rasu a Hong Kong a 2007, kuma a shekarar ce UNTL ta rufe ƙofofinta, bayan ta sha fama da rashin wuta da tsadar baƙin mai da atamfar fasa-ƙwauri, wadda akasarinta daga Sin ɗin take fitowa.

Yawancin waɗannan baƙi aiki ya kawo su, da ƙarfinsu ya ƙare kuma suka koma. Shi ya sa Kaduna ba ta da wata sananniyar makabartar Sinawa. Abin da suka bari a ƙasa shi ne gine-ginen Kakuri, da tsofaffin ma'aikata, da ƙungiyar ƙwadagon masaƙu da ke da hedikwata a Kaduna, wadda daga cikinta Adams Oshiomhole ya taso.

A ƙasar Filifin labarin ya sha bamban, kuma kwatanta su yana nuna aikin da kabari ke yi a siyasa. Sinawan da suka je can, galibi daga lardin Fujian, sun zauna sun yi aure. A zamanin mulkin Sifaniyawa ba a yarda a binne wanda ba Katolika ba a makabartun coci, don haka suka samar da tasu a Manila a ƙarni na 19. Wasu kaburburan masu hali gidaje ne sosai, har da bene da makewayi, inda jikoki kan taru a ranar 1 ga Nuwamba da lokacin bikin share kaburbura na Qingming. Duk da haka zama ɗan ƙasa ya yi musu wuya, sai a 1975 Ferdinand Marcos ya sassauta hanyar. Bayan shekara 11 Corazon Aquino, wadda kakan mahaifinta ya fito daga Fujian, ta zama shugabar ƙasa. A 1988 ta ziyarci ƙauyen kakan nata a matsayin baƙuwa mai mulkin wata ƙasa.

A Arewa, Kwarorin Kano ne suka fi kama da wannan. Sun zo tun farkon mulkin Turawa, sun yi cinikin gyaɗa, sun binne iyayensu a Kano, jikokinsu na jin Hausa kamar kowa.

Sai dai tambayar ta fi shafar 'yan ƙasa kansu. Kaduna gari ne na baƙi tun asali: a 1917 aka dawo da fadar mulkin Arewa nan daga Zungeru, ma'aikata da sojoji da 'yan kasuwa suka biyo ta. A arewacin kogi, a Unguwar Sarki, ana sallatar gawa a Masallacin Sultan Bello a kai ta makabartar unguwar, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke kwance a can haifaffun Katsina ne ko Borno ko Bida ko Ilori. Musulunci ya so a gaggauta jana'iza, saboda haka inda ajali ya riski mutum nan ake rufe shi. Jikokinsu ba su san wani gida ba sai Kaduna.

Doka kuwa ba ta duba inda kaka yake kwance, asalinsa take tambaya. Sashe na 318 na tsarin mulkin 1999 ya ɗaura zama ɗan jiha a kan iyaye ko kakanni da suka fito daga wata al'umma ta asali a jihar. Da wannan ma'auni ake rabon guraben aikin tarayya da na jami'o'i, shi ya sa matashin da kakansa ke makabartar Unguwar Sarki kan yi tafiya zuwa ƙaramar hukumar da bai taɓa kwana ba, don karɓo takardar shaidar asali. Gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi shelar daina bambanta ɗan asali da mazauni a harkokin jihar, ta kuma fito da katin shaidar zama. Mataki ne mai ma'ana, amma iyakarsa jihar: Hukumar Daidaiton Rabon Muƙamai ta Tarayya har yanzu da jihar asali da ƙaramar hukumar asali take lissafi, kuma gyaran sashen na buƙatar amincewar majalisar tarayya da majalisun jihohi aƙalla 24.