Tsohuwar Mota Mai Shan Ruwa

Malamai da akawuna da yawa motarsu ta farko tsohuwa ce, wadda ta riga ta ci mil dubbai a hannun wani. Irin wannan mota ba a raba ta da galan na ruwa a baya. Kowace safiya maigida ya buɗe lagireto ya ƙara kwalba guda ko biyu, ya kama hanyar ofis, yana cewa ai halin tsohuwar mota ke nan. To, ba halinta ba ne. Ruwan inji a rufe yake zagayawa, daga lagireto zuwa inji, daga inji ya komo lagireto ya huce. In yana raguwa kullum, lalle akwai inda yake bi, gama ruwa ba ya tsami banza.

Ni kaina sai da na yi hasara tukuna na gane haka. Wata shekara da bazara ina rangadin makarantu da wata tsohuwar Peugeot 504, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Wata biyu ina ƙara mata ruwa, ban taɓa ganin ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba, saboda haka ban damu ba. Ran nan ina cikin Hawan Kibo, a kan hanyar Akwanga zuwa Jos, sai allura ta hau ja, tururi ya turnuƙe. Na matsa mata don in kai ƙarshen hawan. Abin da wannan gaggawa ta jawo mini shi ne gasket ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe, gama na 504 da alminiyam aka yi shi, ba ya jimre zafi kamar baƙin ƙarfe. Da bakanike ya bincika, ashe asalin ciwon duk murfin lagireto ne, robarsa ta mutu.

Ya kamata a tsaya a kan murfin nan, domin mutane sun ɗauke shi kamar marufin tulu. A bakin teku ruwa yana tafasa a digiri 100. A Jos, inda ƙasa ta yi tudu wajen mita 1,200, yana tafasa tun a wajen digiri 96. Murfin yana da waya mai naɗi wadda ke danne ruwan, ta hana shi tafasa sai ya kai kusan digiri 120. In ta saki, ko robar ta tsage, ruwan ya riƙa tafasa tun inji bai yi wani zafi ba, ya fita ta ƙaramin bututun ambaliya sa'ad da ake tafiya. Mai mota ya tsaya ya leƙa ƙasa, ba ya ganin komai.

Abin da za a fara rarrabewa shi ne, ruwa ne ya tsere inji ya yi zafi, ko kuwa zafi ne ya kori ruwa? A shimfiɗa tsohuwar jarida ƙarƙashin mota da dare, da safe a duba inda ta jiƙe. A bi bakin kowane tiyo da ido, gama inda ruwa ke tsattsafowa yakan bar zane fari ko ja na tsatsa. Famfon ruwa kuma yana da ɗan rami a ƙasansa, in ya fara zubar da hawaye ta nan, kwanansa ya ƙare.

Mafi muni shi ne ruwan da ke tserewa ta ciki. Da safe, tun inji yana da sanyi, a buɗe murfi a ta da mota. In kumfa na tasowa ba fasawa, watau hayaƙin silinda ne ke shiga ruwa. Haka nan in salansa tana fid da farin hayaƙi bayan inji ya ɗumama, ko baƙin mai ya koma kamar koko, to gasket ne, kada a ƙara tafiya da ita.

In ba a sami tsiyaya ba, sai a lura da lokacin da zafin ke zuwa. Motar da ke zafi cikin cunkoson gari, ta huce da an fita fili, fanka ce ko fanbel ya saki. Wadda kuwa ke lafiya a gari, sai a doguwar hanya ko a hawa ta tafasa, lagireto ne ya toshe: daga waje da ƙurar hunturu da ƙwari, daga ciki da tsatsa da dattin ruwan rijiya. Shi ya sa ruwan kanti da ake gaurayawa da na lagireto ba almubazzaranci ba ne, yana hana tsatsa. Amma fa dafi ne, ga shi da zaƙi, a kawar da shi daga inda yara da dabbobi suke.

Akwai makanikai da, da an ce musu zafi, sai su cire tamostat su yar, wai na ƙasar sanyi ne. Ban yarda da wannan ba. In ya maƙale a rufe, a sa sabo. Cire shi yakan ɓoye ciwon ne kurum, inji kuma ya daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai. Ɗanyen ƙwai ko garin barkono da ake zubawa a lagireto a bakin hanya yakan kai mutum gari, amma bututun da ya toshe tsiyaya da shi, da shi zai toshe hanyar ruwa.

In allura ta hau kana tafe, ka tsaya nan take ka kashe inji. Kada ka taɓa murfi sai bayan minti 30 ko fiye, sa'an nan ka sa tsumma ka murɗa shi kaɗan, tururi ya gama fita tukuna. Ruwan da za ka ƙara, ka zuba shi sannu sannu inji yana aiki, domin ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi yana iya tsaga shi.