Hasken da Ke Yi wa Ƙwaƙwalwa Tambaya

Shirinmu na musamman na yau zai leƙa ɗakunan binciken da ake koya wa kwamfuta karɓar umarni daga ƙwaƙwalwar mutum kai tsaye, ba hannu ba baki. Waɗanda aka fi yi dominsu su ne masu cutar da ke shanye jiki gaba ɗaya, irin su ALS, inda hankalin mutum yake garau amma ko yatsa ba ya iya ɗagawa.

Tun 1924 wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya auna ɗan lantarkin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa. Matsalar ita ce lantarkin ba shi da ƙarfi ko kaɗan, kuma kafin ya ratso ƙoƙon kai ya iso ga wayoyin da aka manna a fata, ya cakuɗe da na ƙiftawar ido da motsin muƙamuƙi. To yaya za a tsamo nufin mutum daga wannan hargitsi? Dabarar masana ita ce su yi wa ƙwaƙwalwa tambaya da haske, su saurari amsarta. Jacques Vidal na jami'ar Kalifoniya a Los Angeles, wanda ya raɗa wa fannin suna a 1973, da abin da ido ke gani ya yi gwajinsa.

A 1988 Lawrence Farwell da Emanuel Donchin suka jera haruffa da alamomi 36 a allo, layi shida a kwance, shida a tsaye. Layukan suna walƙawa ɗaya bayan ɗaya ba bisa tsari ba. Kai dai ka sa hankalinka a kan harafin da kake so. Duk lokacin da layinsa ya haska, ƙwaƙwalwa takan ɗan zabura, kamar mai jiran a kira sunansa a layin asibiti. Zaburar takan zo bayan kusan kashi ɗaya cikin uku na sakan, shi ya sa ake kiranta P300. Kwamfuta ta haɗa layin kwance da na tsaye, ta fitar da harafin. Hanyar tana aiki, sai dai tafiyar hawainiya ce, don sai an yi ta maimaita walƙiyar kafin a tabbatar.

Hanya ta biyu ta fi sauri, kuma a ganina ta fi ban mamaki. Idan ka zuba wa wani haske ido, yana ƙyaftawa sau 10 a sakan guda, sashen gani da ke can ƙeyarka zai kama bugawa sau 10 shi ma. Ka koma kan mai ƙyaftawa sau 12, ƙeya ta bi shi. Saboda haka sai a ba kowane harafi nasa saurin ƙyaftawa, na'ura ta saurari ƙeya ta gane inda ido ya tsaya. Masana na kiran wannan SSVEP. Jami'ar Tsinghua da ke Beijing ta yi fice a kansa. A 2015 masu bincikenta da abokan aikinsu suka nuna allo mai alamomi 40, saurin ƙyaftawarsu daga 8 zuwa 15.8 a sakan, kuma waɗanda suka gwada sun rubuta kusan harafi 60 a minti guda.

Akwai kuma hanyar da Erich Sutter ya bayyana a 1992, wadda hasken ke kunnawa da mutuwa bisa wani tsari da ke kama da hargitsi, alhali kwamfuta ta san shi sarai.

Amma fa, masu sauraro, a nan gizo ke saƙa. Hasken da ƙwaƙwalwa ta fi amsawa da ƙarfi shi ne wanda ya fi gajiyar da ido. Zama gaban allo mai alamomi 40 masu walƙiya ba abin wasa ba ne ga mai lafiya, balle maras lafiyar da zai wuni a kai. Ga kuma farfaɗiya: ƙyaftawa sau 15 zuwa 25 a sakan ita ta fi tayar da ita ga masu irin da haske ke tsokana. A watan Disamba na 1997 an kwashi yara 685 zuwa asibiti a Japan bayan wani shirin zane na Pokémon ya yi walƙiyar ja da shuɗi a talabijin.

Shi ya sa hankalin masu bincike da dama ya koma kan sauƙaƙa wa ido. Wasu suna ƙara saurin ƙyaftawar har ido ya kusa daina ganinta, sai dai amsar ƙwaƙwalwa takan yi rauni. Wasu sun sauya walƙiya da zane mai motsi. Wasu kuma sun gano cewa idan fuskar sanannen mutum ce ke bayyana a kan harafi, amsar takan fi fitowa fili, don ƙwaƙwalwa ba ta wasa da fuska.

Wata matsalar tana nan ba a gama da ita ba. Mafi saurin waɗannan alluna suna buƙatar mutum ya iya juya idonsa, kuma mai iya hakan yana iya amfani da kyamarar da ke bin ƙwayar ido, ba sai ya sa hula mai wayoyi ba. Wanda cutar ta kai har ga tsokar idonsa kuwa, allon ba ya yi masa amfani sosai. Dominsa ne ake gwada yin tambayar da sauti a kunne, ko da ɗan girgiza a fata.

A nan za mu dakata. Mu kwana lafiya.