Kalma ɗaya ta kusa raba 'yar ƙanwata da aiki: abin da na koya game da fassarar takardun karatun Holan

Na fi shekara ashirin ina zaune a unguwar Bijlmer da ke Amstadam, inda 'yan Gana suka yi yawa, har da mu 'yan zango. Ina yi wa mutanenmu tafinta a asibiti da ofisoshi, don haka na ɗauka Holanci ba zai ba ni kunya ba. Ashe na kasuwa na iya, na makaranta kuwa da sauran aiki.

'Yar ƙanwata, wadda aka kawo daga Kumasi tana ƙarama, ta gama digirinta na shekara huɗu a fannin jigilar kaya. Burinta ta koma gida. Ta ga wani kamfani a Tema yana neman mai digiri, ta kawo mini takardunta ta ce, "Kawu, taimaka ka juya mini su zuwa Turanci." Dare ɗaya na gama. Bayan mako uku amsa ta zo: sun gode, amma mai digiri suke nema, ba mai takardar sakandare ba. Ta kira ni muryarta na rawa: "Kawu, me ka rubuta musu?"

Makarantar da ta yi, 'yan Holan suna kiran irinta "hogeschool". "Hoge" na nufin mai tsayi, "school" kuwa makaranta. Sai na rubuta "Higher School". Wanda ya duba takardar a Tema ya karanta ta a matsayin "high school", wato sakandare. Wallahi ban ga laifinsa ba, ni ma da haka zan karanta.

Abin da ban yi la'akari da shi ba shi ne ilimi mai zurfi a Holan hanya biyu ne. Akwai WO, karatun jami'o'in bincike irin su Leiden da Utrecht, inda digirin farko ke ɗaukar shekara 3. Akwai kuma HBO, karatun da ya karkata ga sana'a, wanda ake yi a "hogeschool", digirinsa na farko shekara 4. Dukansu digiri ne da hukuma ta amince da su. Sunan da makarantun HBO ke amfani da shi a Turanci shi ne "university of applied sciences". Wanda ya san yadda aka mai da kwalejojin fasaha na Gana jami'o'in fasaha tun daga 2016 zai fahimci irin wannan rabon, ko da yake tsarin ba ɗaya ba ne sak.

Da na koma kan takardun da idon basira, sai na ga tarkon ba ɗaya ba ne. Kalmar "college" a takardun karatun jami'a na Holanci galibi ba makaranta take nufi ba, lacca take nufi. "Hoorcollege" ita ce laccar da ɗalibai ke zama su saurara, "werkcollege" kuwa ƙaramin aji ne da ake tattaunawa ana aiki tare. "Stage" ba dandalin wasan kwaikwayo ba ne, zaman koyon aiki ne a kamfani, abin da Bature ke kira "internship". Watanni ta yi tana wannan zama a wani kamfanin tashar jiragen ruwa ta Rotadam, ni kuwa na bar kalmar yadda take, don na ga ta yi kama da Turanci. Ka ga, abin da ya fi komai daraja a idon mai ɗaukar aiki shi na binne da hannuna.

Haka "tentamen" jarrabawar darasi ɗaya ce, "examen" kuwa ita ce ta kammala mataki gaba ɗaya. "Propedeuse" shekarar farko ce ta digiri, kuma wasu makarantu suna ba da shaidar gama ta. Wanda bai sani ba zai iya ɗaukar wannan shaidar a matsayin difloma mai zaman kanta, alhali somin tafiya ce kawai. "Scriptie" ita ce kundin binciken kammala digiri, amma kundin digirin dakta "proefschrift" ake ce masa.

Batun dakta ma, a nan ne kuskuren ke juyawa ɗaya gefen. Kafin Holan ta karɓi tsarin digirin farko da na biyu a 2002, bayan yarjejeniyar Bologna ta 1999, wanda ya gama jami'a a yawancin fannoni yakan samu laƙabin "doctorandus", a taƙaice "drs." Wannan daidai yake da digiri na biyu, ba na uku ba. Mai karatun shari'a yakan samu "mr.", wanda ba "Mista" ba ne, injiniyan jami'a "ir.", injiniyan HBO kuma "ing." Na san wani dattijo da ake kira Dakta a gida saboda "drs." ɗin da ke gaban sunansa. Bai taɓa cewa shi dakta ne ba, amma bai taɓa gyara wa kowa ba. Ranar da aka bincika a wurin aiki, kunyar ba ƙarama ba ce.

Sai maki. A Holan ana ba da maki daga 1 zuwa 10, kuma 6 ita ce tsallakewa. Samun 8 babban abu ne, 9 da 10 kuwa ba kasafai ake ba da su ba. In ka mai da 6 ta zama kashi 60 cikin ɗari, ka ɗaga ta sama da matsayinta a idon wasu, in kuma mai dubawa ya saba ganin cikakken maki, zai raina mai 8. Gara a bar lambar yadda take a haɗa da bayanin ma'auninta. Haka "studiepunten", nauyin darasi: ɗaya daidai yake da aikin sa'a 28, shekara guda 60 ce, don haka digirin HBO 240 ne, na WO 180.

Abin takaicin, maganin matsalar yana cikin jakar takardunta tun farko. Makarantun Holan suna ba wanda ya gama karatu wata takarda da ake kira "Diploma Supplement", da Turanci, wadda ke bayyana irin makarantar, matakin digirin, darussa da tsarin maki. Ta ɗauka tarkacen takardu ne kawai. Akwai kuma Nuffic, hukumar da ke birnin Hague, wadda ke wallafa bayanin tsarin ilimin ƙasar da Turanci. Idan ana buƙatar fassara ta hukuma, akwai masu fassara da suka yi rantsuwa a kotu, waɗanda ke da rajista da hatimi. A Gana kuwa, hukumar GTEC ce ke tantance takardun karatun waje.

Mun sake turawa da waccan takardar da gajeriyar wasiƙa. Na sa ta rubuta a ciki cewa kuskuren fassara ne daga gida, domin gaskiyar ke nan. Gurbin farko ya riga ya tafi, amma bayan wata biyu suka kira ta ganawa kan wani. Yanzu tana Tema.

'Yan uwa da ke da yara a Holan ko Beljiyam, shawarata ita ce: sunan makaranta da laƙabin digiri, a bar su yadda suke, a sa bayanin hukuma kusa da su. Kada a rage wa yaro abin da ya sha wahala ya samu, kada kuma a ƙara masa abin da bai samu ba.

Kwanan baya wani maƙwabci ya kawo mini takardun ɗansa. Na ce masa, "Alhaji, zauna ka sha shayi. Amma kafin in taɓa alƙalami, je ka duba jakar yaron, akwai wata takarda da Turanci a ciki."