Kumburin da Ɗanki Ke Jin Kunyar Faɗa Miki

Uwargida, ba kowane kumburin maraina ne gwaiwa ba. Akwai cutar dajin da ta fi kama samari 'yan shekara 15 zuwa 35, takan fara da ƙullutu marar zafi. Wani nau'inta ba shi da yawa, amma yana bin jini da sauri ya kai huhu, hanta da ƙwaƙwalwa. Sai yaro ya fara tarin jini, a ɗauka tarin fuka ne.

Ɗanki ba zai iya faɗa miki ba, ki sa mahaifinsa ko kawunsa ya tambaye shi. A kai shi babban asibitin Anka, Gummi ko Bukkuyum, a nemi takardar turawa Gusau ko asibitin koyarwa na Sakkwato. Kada wanzami ya tsaga wurin. In an gano da wuri, akasari ana warkewa.